Wace maltimita ce jikinta zai jure aikin Jos?

Duk mai gyaran wuta, ko mai haɗa sola, ko mai gyaran waya a garin Jos ya san irin wannan maltimitar, wato mitar hannu ta auna wutar lantarki: tana aiki lafiya lau, lambobinta na fitowa daidai, amma bayanta ya tsage, an naɗe ta da baƙin salatif, murfin batir kuma sai da robar ɗaure kuɗi yake zama. In ka tambayi mai ita, zai ce maka faɗuwa ta yi. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa faɗuwar ƙarasa aiki kawai ta yi, domin tsagin ya daɗe da somawa daga ciki, a gindin sukuru, inda ido ba ya gani.

Idan mutum ya je sayen mita a shagunan kayan wuta na titin Ahmadu Bello ko wajen Taminus ko Dilimi, abin da yake dubawa shi ne girman fuska, da ko tana da fitila, da ko tana ƙara idan an haɗa bakin wayoyinta. Da wuya ka ga wanda ya juya ta ya dubi bayanta. Alhali kayan cikin mita, in ba ƙona su aka yi ba, sun fi jikinta tsawon rai nesa ba kusa ba. Saboda haka ni da jikin nake auna mita kafin in dubi sauran.

Yawancin mitoci da robar da ake kira ABS ake zuba jikinsu. Haɗi ce ta sinadarai uku, kuma ɗaya daga ciki, wato butadayin, shi ne mai ba ta danƙo har ta sha bugu ba ta fashe ba. Shi ne kuma wanda rana da zafi suke fara cinyewa. Idan ya tafi, robar ta kan yi ɗorawa-ɗorawa ta bushe, kamar kujerar robar da ta shekara a tsakar gida, wadda ana zama a kai ƙafarta ke ɓallewa. Masu tsada wasu sukan yi amfani da wata robar, polikabonet (PC a taƙaice), ko a gauraya shi da ABS. Wannan ya fi jure faɗuwa, sai dai yana da nasa rauni, ba ya shiri da wasu sinadarai ko kaɗan. A can ƙasa kuma akwai polisitirin mai araha, da robar da aka niƙa tsofaffin kaya aka sake narkawa. Duk lokacin da aka sake narka roba ƙarfinta raguwa yake yi, kuma ba za ka gane da ido ba ranar da take sabuwa a leda. Kamfanin da ya san abin da yake yi yakan buga sunan robar a cikin murfin baya, za ka ga an rubuta ABS ko PC ko PC+ABS tsakanin wasu alamomi biyu masu kama da kan kibiya. Rashin wannan rubutu ba hujja ba ce cewa robar banza ce, amma samunsa alama ce mai kyau.

Jos tana da wani abu da yake ruɗin mutane. Garin yana kan tudu mai tsayin mita 1,200 da wani abu daga teku, iskarsa da sanyi, sai mutum ya ɗauka ranar ba ta da ƙarfi. Amma hasken rana mai lalata roba ƙaruwa yake yi in an yi sama, kusan kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000. Mai haɗa sola da ya ajiye mitarsa a kan kwano tun hantsi har la'asar, shi bai ji zafi ba, amma robar ta ji a jikinta. Sanyin hunturu kuwa, wanda ake yawan ɗora wa laifi, shi kaɗai ba ya fasa lafiyayyar roba. A Disamba da Janairu awon sanyin dare kan sauko wajen digiri 10, ita kuwa ABS mai kyau tana jure abin da ya yi ƙasa da sifiri. Abin da sanyin ke yi shi ne ya tona asirin wadda ta riga ta tsufa, domin roba ta fi saurin karyewa in ta yi sanyi. Shi ya sa faɗuwar da mita ta sha a watan Afrilu ba ta yi komai ba, irinta ta tarwatsa ta da asubahin Janairu. Wanda aiki ke kai shi Abuja kuma ya sani cewa can zafi ne matsalar. A watan Maris awo kan doshi digiri 40, gaban gilashin motar da aka rufe a rana kuma yana iya haura 70, alhali littattafan yawancin mitoci sun tsaya a 50 ko 60 wajen ajiya.

Amma babban mai laifi sukuru ne. A mitoci masu araha sukurun da kansa yake yanka wa kansa hanya a cikin wani siririn ginshiƙin roba. Tun ranar da aka ɗaure shi a masana'anta yake tura robar waje, kuma ba ya hutawa dare da rana. Kowane buɗewa da rufewa, idan ba a bi tsohuwar hanyar ba, sai ya yanka sabuwa, ginshiƙin ya ƙara sirancewa. Yaron shago kuma da ƙarfinsa yake ɗaurewa, don kada Oga ya ce ya bar abu sako-sako. Wata rana sai ka ji wani abu na kaɗawa a cikin mitar, ka buɗe ka ga ginshiƙin ya rabe gida biyu. Masu ɗan tsada sukan dasa gurbin tagulla a cikin robar, sukurun ya riƙa shiga ƙarfe maimakon roba. Wannan ya fi, ba shakka, ga abin da za a yi ta buɗewa. Sai dai ba tsira ba ce gaba ɗaya. Roba na buɗewa da tsukewa da zafi da sanyi kusan ninki huɗu na tagulla, don haka idan naman robar da ke kewaye da gurbin bai yi kauri ba, sauyin yanayi tsakanin rana da dare na shekaru zai tsaga shi, tsagi mai kama da tauraro. Dabarar da ke ceton kowane iri ɗaya ce: ka ɗora sukurun, ka juya shi baya a hankali har ka ji ya yi ƙas ya faɗa tsohuwar hanyarsa, sannan ka ɗaure, kana jin ya zauna ka tsaya.

Robar da sukuru ya matse, idan ta haɗu da sinadari, a nan ne ake samun tsagin da mutane ke rantsuwa cewa haka kawai suka wayi gari suka gani. Sinadarin ba sai ya narkar da robar ba. Ya isa ya ratsa ta kaɗan a daidai inda take a matse, sai ta saki. Dubi abin da ke kan teburin mai gyaran waya: tina ko sifirit na wanke allon waya. Dubi hannun bakanike mai gyaran wayarin mota a Farin Gada: fetur, baƙin mai, man birki. Akwai mai goge dattin mitarsa da fetur don ta yi ƙyalli, akwai mai fesa mata man kwance tsatsa a maɓallin juyawa don ya yi laushi. A shekarar 2020, lokacin korona, har sanitaiza an riƙa shafa wa kayan aiki. Polisitirin mai araha ko man girki da man shafawa suna iya raunana shi in yana a matse, ga shi kuwa da hunturu ba hannun da ba ya shan basilin. Polikabonet, duk tsadarsa, ruwan batirin alkalin da ya fashe yana cin sa, haka fetur da tina. Littafin Fluke da na sauran manyan kamfanoni abu ɗaya suke faɗa: tsumma mai ɗan danshi da sabulu mara ƙarfi, ban da duk wani mai narkarwa.

Wayoyin gwaji ma suna da nasu. Masu araha da PVC ake yin rigarsu, an zuba masa wani mai don ya yi laushi. In aka nannaɗe su tam a jikin mita aka jefa a jaka wata da watanni, man nan yana tsattsafowa ya shiga jikin mitar. Wanda ya taɓa ganin sawun waya ya lotsa a jikin tsohuwar rediyo ko rimot ya ga aikinsa. Wayoyin silikon ba sa yin haka, ba sa sandarewa da sanyi, kuma bakin kayan haɗi mai zafi ba ya ƙona su da sauri.

Shi kansa tsagin yana faɗin abin da ya kawo shi. Na faɗuwa a kusurwa yake, kuma gefensa yakan yi fari. Na sinadari santsi gare shi kamar fasasshen gilashi, ba fari, kuma daga sukuru ko bakin rami yake tasowa. Na rana ƙanana ne birjik a fuskar da ta canza launi. In a ɗakin batir ne, to ko batir ya yi yoyo, ko an cusa wanda ya fi wurin girma, domin batiran 9V ba duka girmansu ɗaya ba, musamman masu caji.

To, da wannan a zuciya, mu dubi abin da ke kasuwa.

Ta farko ita ce 'yar ƙaramar nan da ake kira DT830 da 'yan uwanta, baƙa ko ruwan ɗorawa, wadda masana'antu barkatai a Sin ke bugawa kowa da sunan da ya ga dama. Jikinta siriri ne, in ka matsa da yatsa za ka ji yana ƙara. Ba ta da riga, wato robar nan mai laushi da ake sa wa mita don ta shanye bugu. Babban aibinta shi ne ba ta da ƙofar batir daban, sai an kwance sukurori biyu na baya an buɗe ta gaba ɗaya kafin a canza batir. Ga shi yawancinsu ba sa kashe kansu, in ka manta ta a kunne ka kwana batir ya tafi. Wato ita ce aka fi buɗewa, kuma ita ce ginshiƙanta suka fi rauni. Ban raina ta ba. Ga ɗalibin da ke koyo, ko mai gwada batirin tocila da cajar waya da fis ɗin mota, ta wadatar, kuma in ta fashe ba a yi asarar kirki ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a kai ta allon rarraba wutar gida. A yawancinsu ramin auna amfiya mai rubutun 10A ba shi da fis sam, an ma rubuta a jiki, ɗayan fis ɗin kuma ɗan gilashi ne. Babbar yayarta DT9205, mai fuskar da ake ɗagawa, tana zuwa da rigar roba, amma a ciki tafiyar kusan ɗaya ce, kuma mahaɗin fuskar nan wani wurin karyewa ne aka ƙara.

Sai na tsakiya, irin su UNI-T da Mastech da Aneng da makamantansu. A nan ne zaɓi ya fi wuya, domin kamfani ɗaya yana da mai kyau yana da ta jeka-na-yi-ka, sunan kaɗai ba ya isa. Abu uku nake nema. Ƙofar batir daban, wadda sukurunta ke shiga tagulla, ta yadda jikin mitar zai shekara ba a buɗe shi ba. Sai leɓen da rabin sama da rabin ƙasa suke shiga juna, ba wai su haɗu baki da baki kawai ba. Sai riga mai kauri a kusurwoyi, wadda ta ɗan fi fuskar tudu, don in mitar ta faɗi rubda ciki gilashin kada ya taɓa ƙasa. Wadda ta cika ukun nan, ko da ba ta da yawan ayyuka, ta fi wadda ke auna abu ashirin amma jikinta kamar na kayan wasan yara. Masu amfani da batir AA ko AAA sun fi sauƙin ciyarwa, sai dai a kula, alkalin ɗin wannan girma ya fi yawan yoyo in an bar shi ya mutu a ciki.

Maganar riga tana da rassa biyu. Akwai wadda ake cirewa, akwai wadda aka narka ta manne da jikin tun daga masana'anta. Mannanniyar ta fi kyan gani, mitar ba ta yin ƙato, ƙura ba ta samun wurin ɓuya. Amma idan ta tsufa, wasu sukan yi danƙo suna kama hannu, wasu su riƙa saɓulewa, kuma ba yadda za ka yi da ita. Mai cirewa ta fi shanye bugu don ta fi kauri, in ta lalace ana iya neman wata. Illarta ita ce tana ɓoye abu. Mai da ƙurar hunturu da danshin damina suna taruwa a ƙarƙashinta, tsagi ya yi wata shida a wurin ba ka sani ba. Ni dai mai cirewa na fi so, da sharaɗin a riƙa tuɓe ta lokaci-lokaci ana dubawa ana gogewa.

A sama akwai Fluke ta Amurka, da Hioki da Kyoritsu da Sanwa na Japan, da Brymen ta Taiwan. Kuɗin Fluke 87V guda ɗaya zai sayi DT830 gommai. Me ake saya da wannan kuɗi? Roba mai kauri wadda ba ta saurin kama wuta, da katangu a ciki tsakanin ramukan wayoyi, da fis na tangaran mai yashi a ciki wanda ke kashe tartsatsi maimakon ya tarwatse. Ƙa'idar duniya ta kayan awo, IEC 61010, ta tanadi a gwada na'urar hannu da faɗuwa daga tsayin mita 1, kuma waɗannan kamfanoni suna kai kayansu a gwada da gaske. Fluke 28 II ma an yi ta ne don ta jure faɗuwar mita 3, ruwa da ƙura ba sa shigarta. Duk da haka roba roba ce. In ka wanke ta da tina za ta tsage kamar kowace. Akwai kuma ƙananan Fluke irin 101 da 15B+ da 17B+ da aka yi don kasuwanni irin namu, farashinsu bai kai na manyan ba, kuma ga mai aikin wayarin gidaje sun fi kusa da aljihu.

Inda nake jan kunne shi ne tokumbo. Tsohuwar babbar mita da aka shigo da ita daga Turai tana da daɗin saya, kuma cikinta na iya zama garau. Amma robar da ta shekara ashirin ta shekara ashirin, ko sunan wa ke jiki. Ka tuɓe rigar a gaban mai kaya. Ka dubi launin wurin da riga ta rufe da wurin da ke waje, in bambancin ya yi yawa ta sha rana. Ka girgiza ta kusa da kunne. Ka nemi a buɗe, ka ga ginshiƙan, ka ga ko an maye fis ɗin asali da na gilashi ko ma da zaren waya, abin da ake yawan yi don fis ɗin asalin yana da tsada. In Alhaji mai shago ya ce ba a buɗewa, ka yi masa godiya ka ƙara gaba. Haka nan mai allura da ake rubuta wa suna mai kama da Sanwa an canza harafi ɗaya, masu gyaran rediyo da talabijin suna son ta kuma tana yi musu aiki, amma murfin fuskarta garau ne mai saurin fashewa, kada a ɗauka ta Japan ce.

Wani zai ce, to in ta tsage sai me, ai tana aunawa. Ya danganta da inda kake sa ta. Mai gyaran waya da ke aiki da abin da bai wuce bolt 5 ko 20 ba, tsagi a bayan mitarsa muni ne kawai. Amma wutar gidajenmu bolt 230 ce, tsakanin layi da layi a wuta mai layi uku kuma 400 ne ko sama da haka. Jikin mitar shi ne abin da ke tsakanin wannan wuta da tafin hannunka. Damina a Jos doguwa ce, Yuli da Agusta kusan kullum cikin ruwa ake. Ƙurar da ta shige tsagi tun hunturu, in ta sha danshi, ta zama hanyar wuta. Kuma ranar da aka yi kuskure, aka bar waya a ramin auna amfiya aka dangwala a layi, jikin ne ya kamata ya riƙe fashewar a ciki. Wanda ya riga ya tsage buɗewa zai yi a hannunka. Masu sola su fi kowa kula, domin faifan da aka jera a layi ɗaya suna kai bolt 300 zuwa 400 har fiye a inbatocin zamani, kuma tartsatsin wutar faifai in ya kama ba ya mutuwa da kansa da sauƙi kamar na wutar NEPA. Rubutun CAT II da CAT III da CAT IV da ke kusa da ramuka yana nuna inda aka yarda a sa mitar: na biyu soket da kayan da ake jonawa, na uku allon rarraba wuta, na huɗu inda wuta ke shigowa gida daga turke. Sai dai buga rubutu ba ya cin kuɗi, kuma mitar da jikinta ke lanƙwasa a hannu amma an rubuta mata CAT III 1000V, ni ban gaskata ta ba.

Don haka ga yadda zan raba. Mai gyaran waya da kwamfuta, wanda mitarsa ke zaune a tebur, ya sayi ta tsakiya ko ma mai araha, ya kashe ragowar kuɗin a wayoyin silikon masu siririn baki, ya kuma nisanta ta da kwalbar tina. Mai wayarin mota ya nemi mai riga mai kauri da ake cirewa, don hannunsa ba ya rabuwa da mai. Mai wayarin gidaje da mai sola, waɗanda ke hawa tsani da kwano, su ne ya kamata su daure su sayi mafi ƙarfin da aljihunsu zai iya, sabuwa, mai fis na tangaran, su haɗa da maɗaurin rataya mai maganaɗisu ko ko da igiya ce, tunda yawancin faɗuwa daga kan tsani ne lokacin da hannu biyu ke riƙe da wayoyi. In kuɗin bai kai babba ba, sabuwar ta tsakiya mai ƙofar batir ta fi mini tsohuwar babba da ba a bari na buɗe ba.

Wadda ta riga ta tsage fa? Abin da hannu ke fara kaiwa shi ne sufa gulu, kuma shi ne mafi muni. Yana bushewa ƙandas, ba ya jure bugu, tururinsa na sa fuska ta yi hazo, kuma a kan robar da ke a matse yana iya ƙara tsawon tsagin. Ginshiƙin da ya rabe an fi gyara shi da gam mai haɗi biyu, irin Araldite, a zagaye shi da shi a bar shi ya kwana, amma ban da irin mai garin ƙarfe da ake liƙe tankin mota da shi. In robar ABS ce, ɗigon asiton yana narka bakin tsagin su haɗe, sai dai in polikabonet ce ƙara ɓata ta zai yi, shi ya sa ake fara duba rubutun cikin murfi. Ɗinki da zaren waya mai zafi, irin yadda ake yi wa bambar mota, kada a kusanto da shi, ƙarfe ne kake dasawa a cikin abin da aka yi don ya tsare ka daga wuta. Kuma ko gyaran ya yi kyau yaya, in tsagin ya kai kusa da ramukan wayoyi ko maɓallin juyawa, mitar ta sauka daga aikin wutar gida. A rubuta mata 12V da maka a baya, a bar wa yara masu koyo su riƙa gwada batir da ita a kan tebur.